Iyayenmu sun ce a ɓoye wa manemin ƙanwata cewa tana da farfaɗiya

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Ni matar aure ce, shekarata 29, ni ce babba a ɗakinmu. Autarmu shekararta 19. Tana da shekara 12 ta yi sanƙarau, ta kwanta asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta, amma bayan 'yan watanni sai ta fara faɗuwa. Ranar da ta faɗi a filin makaranta a gaban ɗalibai Baba ya cire ta, daga aji biyu na ƙaramar sakandare ba ta sake komawa ba. Tun daga nan ba wanda ya taɓa kiran sunan ciwon a gidanmu, sai dai a ce "abin nata ya tashi". Kofinta daban, kwanonta daban. In an yi baƙi Umma ta ce ta shiga ɗaki. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, amma ba a mayar da ita asibiti ba, wai kada a haɗu da idon sani. Bara ta faɗi a bakin murhu hannunta ya ƙone, aka ce wa mutane ruwan zafi ne ya zubo mata.

Yanzu wani bawan Allah ya fito, malamin makaranta ne, a hanyar Islamiyya ya gan ta, don nan kaɗai ake barin ta ta je. Magabatansa sun kawo gaisuwa, ana maganar sa rana. Baba ya ce ba wanda zai faɗa masa komai. Umma ta ce aure ma yakan warkar da irin wannan, kuma in na buɗe baki ba ta yafe min ba. Ko mijina, shekara shida muna tare, bai sani ba, kuma kullum ina duban 'ya'yana biyu ina tsoron ko abin gado ne. Da na taɓa Auta da maganar sai ta ce, "Yaya, ni ai ba wanda ya taɓa tambayata." Anti, ba na iya barci. In na yi shiru na ci amanar mutumin nan, in na yi magana na tona asirin gidanmu na kuma kashe mata aure. Ya zan yi?

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya saka miki da alheri, don ba kowace yaya ce za ta hana idonta barci a kan ƙanwarta haka ba. Na rage tsawon wasiƙar, na kuma cire duk abin da zai sa a gane gidanku.

Cikin duk abin da kika rubuto, maganar Auta ce ta fi tsaya min a rai. Shekara bakwai ke nan ana yanke shawara a kanta: a cire ta daga makaranta, a ware mata kofi, a tura ta ɗaki, yanzu kuma a aurar da ita a rufe. Ko sau ɗaya ba a zaunar da ita an ce ke me kike ji, me kike so ba. Ke ma da kike ƙaunarta, kin kawo min maganar ne a matsayin zaɓi tsakanin amanar baƙo da asirin gida. Ki ɗan ajiye waɗannan biyun tukuna. Ciwon nan a jikin Auta yake, sirrin nata ne kafin ya zama na Baba ko na Umma, kuma ita ce za ta kwana a gidan da ake shirin kai ta.

Akwai kuma abin da ya fi maganar manemin gaggawa, shi ne yarinya tana faɗuwa shekara bakwai likita bai gan ta ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da wani ɗan ƙarfin lantarki, to idan saƙonnin suka hargitse suka taso gaba ɗaya a lokaci guda, sai mutum ya sandare, ko ya yi jijjiga, ko ya ɗauke na ɗan lokaci bai san inda yake ba. Sanƙarau yana kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma yakan bar tabo, daga baya tabon ya riƙa jawo faɗuwa. Haka ma doguwar naƙuda da ta sa jariri ya rasa numfashi, da zazzaɓin cizon sauro da ya haura ka, da buguwa a kai irin ta hatsarin babur. Likita ne zai yanke hukunci a kan na Auta, amma yadda kika jero labarin, sanƙarau sannan faɗuwa bayan watanni, hanya ce da likitoci suka sani sarai, musamman a yankinmu da sanƙarau ke yawan ɓarkewa lokacin zafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa idan an gano ciwon an ɗora su a kan maganin da ya dace. Ki tsaya a kan wannan adadin. Mutum bakwai cikin goma. Wato akwai kyakkyawan zaton cewa da an kai Auta asibiti tun tana shekara 13, da ta gama sakandare, da hannunta bai ƙone ba. Ba don in ɗaga miki hankali na faɗi haka ba, sai don ki san cewa abin da kuka ɗauka ƙaddara ce da ba yadda za a yi da ita, akwai yadda za a yi.

Batun kofi da kwano kuwa, don Allah ya ƙare daga yau. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko kumfar baki, ko taɓa jiki, ko cin abinci tare. Wannan camfi ne, kuma shi ke sa a zagaye mutum ana kallo yana shure-shure a bakin wuta ba mai jawo shi. Ran da kika je gida, ki ɗauki kofin nan nata ki sha ruwa a gaban kowa, ba sai kin ce komai ba. Game da 'ya'yanki, idan likita ya tabbatar tabon sanƙarau ne, to wannan ba abin gado ba ne, rauni ne da ciwo ya bari. Ko a inda uwa ko uba ke da farfaɗiya, yawancin 'ya'yansu ba sa samu, balle ke da kike yayarta. Ki kwantar da hankalinki ta wannan gefen.

Yanzu mu zo kan su Umma, don ba na so ki fita daga wannan shafi kina ganin su azzalumai. Umma ta san unguwa. Ta ga yadda ake laƙaba wa gida suna, ta ga yarinyar da aka fasa aurenta saboda wata tsohuwa ta raɗa wa dangin ango magana, ta san in aka ce gidan masu farfaɗiya ne, abin ba a kan Auta kaɗai zai tsaya ba. Ina kyautata zaton wani ɓangare na shirun nan don ke aka yi shi, don aurenki ya ɗauru lafiya. Shi kuma Baba, ki tuna ranar da aka zo aka ce masa 'yarsa tana kwance a filin makaranta, hijabinta ya yaye, yara sun yi da'ira suna kallo. Namijin da bai saba faɗin abin da ke ransa ba, in tausayi da kunya suka haɗe masa, sai ya rufe ƙofa ya ce ya kare 'yarsa. Niyyarsu rufin asiri ce. Amma sai mu duba abin da rufin ya haifar: karatu ya tsaya, magani bai samu ba, hannu ya ƙone, ga yarinya da ta girma tana ganin kanta abin ɓoyewa.

Kuma shirin da suke kai yanzu ya fi na baya haɗari. Ki zauna ki hango shi daki-daki. Rashin barci yana daga cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya, ga makon biki kuwa ba barci: sa lalle, kamu, wuni, kai amarya, buɗar kai, ga fargaba, ga abinci ba a kan lokaci ba. An kai ta, 'yan rakiya sun watse. Da safe ango ya tafi makaranta, ita kaɗai a gida, ta ɗora tukunya a kan gas ko risho, ba Umma a tsakar gida da za ta ji ƙarar faɗuwa. Ko kuma abin ya zo mata cikin dare, mutumin da bai taɓa gani ba ya farka ya ga matarsa ta sandare tana kumfa. Zai iya danne ta, zai iya cusa mata cokali a baki ya karya mata haƙori, zai iya fita da gudu ya tara maƙwabta. Kafin gari ya waye, sirrin da aka riƙe shekara bakwai ya zama labarin layi, kuma ba labarin ciwo kaɗai ba, labarin an yaudare mu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, irin wannan ma ba ya kai wata uku. Maganar cewa aure yana warkar da farfaɗiya kuwa ba ta da tushe. Ciki da jego da tashin dare don shayarwa su ne ma lokutan da mace mai wannan ciwo ta fi buƙatar likita a kusa.

Shi ma bawan Allah nan yana da haƙƙi. Ya zo da zuciya ɗaya, ya turo magabatansa, bai yi muku laifin komai ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Malaman fikihun Malikiyya da muke bi sun ware babi guda a kan lalurorin da idan aka ɓoye su kafin ɗaurin aure, wanda aka ɓoye wa yana da zaɓin ya zauna ko ya fasa. Malamin da kuka yarda da shi zai yi muku bayanin inda lalurar Auta ta faɗa a ciki, amma wanzuwar babin kaɗai ta isa ta nuna cewa shari'a ba ta ɗauki ɓoye irin wannan a matsayin ƙaramin abu ba.

Tunda na ambaci addini, akwai hadisin da nake so ki karanta wa Auta, yana cikin Bukhari da Muslim. Ibnu Abbas ya ce wa Aɗa'u ɗan Abu Rabah, in nuna maka mace 'yar Aljanna? Sai ya nuna masa wata baƙar mace da ta taɓa zuwa wurin Annabi (SAW) ta ce tana farfaɗiya kuma tsiraicinta yana bayyana, ya yi mata addu'a. Ya ce in ta so ta yi haƙuri tana da Aljanna, in ta so ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi ya yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, ya yi mata. Matar nan da ƙafarta ta zo, da bakinta ta faɗi sunan ciwonta, ba wanda ya tura ta ɗaki, kuma bayan shekaru babban sahabi yana nuna ta da girmamawa. Kada wani ya karanta hadisin ya ce a bar magani, don Annabin da ya yi mata bushara shi ne ya ce Allah bai saukar da cuta ba face Ya saukar da maganinta. In Baba ya tsaya a kan cewa iska ce, a tuna masa cewa Ibnul Ƙayyim a cikin Zadul Ma'ad ya kasa farfaɗiya gida biyu, ya ce akwai wadda daga jiki take, wadda likitoci ke magana a kan sababinta da maganinta. Ba wanda ya ce a daina addu'a ko karatun Alƙur'ani. A ci gaba, a haɗa da asibiti.

To ta ina za ki fara? Da Auta. Ki nemi izini ta zo gidanki ta kwana biyu, ki rufe ƙofa, ki yi mata tambayar da ta ce ba a taɓa yi mata ba. Tana son mutumin nan, ko so take ta bar gidan da ake ɓoye ta? Me take ji kafin ta faɗi? Me ya fi ci mata rai? Ki saurara, kada ki yi saurin ba ta haƙuri ki toshe mata baki. Masu farfaɗiya da yawa suna fama da ciwon damuwa, balle wadda aka killace tun tana yarinya. In ta furta cewa ta gaji da rayuwa, kada ki ɗauke shi maganar ɓacin rai, ki faɗa wa likita a ranar farko.

Daga nan sai asibiti, kuma ga mafita ga tsoron idon sani: a kai ta asibitin da ba na unguwarku ba. Ki fara da babban asibitin gwamnati mafi kusa da ke, su tura ku wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. In an tura ku irin waɗannan na ƙarshe kada gabanki ya faɗi, farfaɗiya ba hauka ba ce, ƙwararrun ne suke can. Ki tafi da katin kwanciyarta ta sanƙarau in yana nan, ki rubuta sau nawa take faɗuwa a wata, da wane lokaci, da tsawon minti nawa. In Auta ta yarda, ɗan bidiyon waya na lokacin da abin ya taso yana taimaka wa likita ƙwarai, amma daga wayarki zuwa idon likita, sai a goge. Mai yiwuwa su yi mata gwajin da ake kira EEG, wanda ake manna wayoyi a kai a auna motsin ƙwaƙwalwa, ba ya zafi.

Kada ku sayi magani a kemis don wani ya ce shi ɗansa ke sha. Kowane irin faɗuwa da maganinsa, kuma yakan ɗauki watanni likita yana ƙarawa yana ragewa kafin a dace. Kullum ake sha, ba a tsallakewa, ba a kuma dainawa farat ɗaya don an ga sauƙi, yin haka yana jawo faɗuwa mai tsanani. Abu mai muhimmanci, ku faɗa wa likita cewa aure za ta yi. Akwai maganin da ake rubuta Valproate a kwalinsa, yana aiki sosai amma yana cutar da ɗan tayi, don haka likitoci suna kauce masa ga macen da za ta iya ɗaukar ciki. Wasu magungunan kuma suna rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa. Za a so ta fara shan folik asid tun kafin ciki, ta yi awo, ta haihu a asibiti. Da wannan kulawar, mafi yawan mata masu farfaɗiya suna haifar 'ya'yansu lafiya. Ku tambaya har da yadda za ta tsara shan magani da azumi. Ki lura, duk abin nan da na lissafa ba mai yiwuwa ba ne a gidan mijin da bai sani ba. Ina za ta ɓoye kwalin magani? Me za ta ce duk ranar komawa asibiti?

Sai Umma. Ki same ta ita kaɗai, ba a gaban Baba ba, kuma kada ki fara da maganar manemi. Ki fara da hannun Auta. Ki ce, "Umma, na san don kare mu kika yi duk abin da kika yi. Amma ranar da ta faɗi a murhu kina tsakar gida, shi ya sa abin ya tsaya a hannu. A gidan miji wa zai jawo ta?" Uwa ce, wannan tambayar ta daɗe tana yi wa kanta ita cikin dare. Furucinta na ban yafe ba abu ne mai nauyi, ban raina shi ba, amma tsoro ne ya fito da shi, kuma biyayya ga iyaye tana cikin abin da yake alheri ne, ba ta kai ga taya su ha'inci ba. Saboda girman furucin nan nake ce miki kada ki zagaya ta bayan gida ki kira manemin a waya. In kika yi haka kin rasa Umma, kin rasa amincin Auta, kuma maganar za ta isa gare shi a matsayin tsegumi. Ki bi ta ƙofa, ki kuma gaya wa Umma cikin ladabi cewa in aka tambaye ki ba za ki iya yin ƙarya ba.

Baba kuwa da wuya ya ji daga bakin 'ya. Ki nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe magana. Na fi karkata ga Baffanku da zai yi walicci, don shi ne zai zauna a gaban shaidu ya ba da aure, bai kamata ya ba da abin da bai san halinsa ba. In ba shi ba, aminin Baba ko limamin da yake girmamawa. Abin da za a nuna wa Baba shi ne, tunda mutunci yake karewa, wanne ya fi zubar da shi: a yi magana yanzu a cikin ɗaki tsakanin mutum uku, ko a dawo masa da 'ya da takarda bayan wata biyu, dangin miji suna yawo da labari? Abin da za a roƙe shi da farko ma ƙarami ne, a ɗan jinkirta sa rana zuwa wasu watanni. Jinkirin nan zai ba magani lokaci ya kama. Akwai bambanci mai girma tsakanin a ce wa mutum tana faɗuwa ba mu san dalili ba, da a ce masa ta yi sanƙarau tana ƙarama ya bar mata lalura, tana ganin likita, tana shan magani, ga yadda take yanzu.

Wa zai faɗa masa? In Auta za ta iya, daga bakinta ya fi, lokacin zance, ke kina kusa. In nauyi ya hana ta, Baffa ya kira shi shi kaɗai. A roƙe shi amana, a ba shi lokaci ya yi tunani, a kuma gayyace shi ya raka ku asibiti ya yi wa likita duk tambayar da ke ransa. Malamin makaranta ne, ina sa ran zai fi gamsuwa da bayanin likita fiye da rantsuwar dangi. Ba wajibi ba ne a sanar da duk zuriyarsa, shi da wata babba ɗaya a gidansu da za ta riƙa leƙa Auta sun isa. Faɗa wa wanda zai zauna da ita daban, shela wa unguwa daban, kuma ba wanda ke bin ku bashin na biyun.

Ba zan ɓoye miki ba, zai iya janyewa. Zai iya so, mahaifiyarsa ta ƙi. Maganar ma za ta iya fita. In haka ta faru Auta za ta yi kuka, Umma za ta dube ki ta ce ga abin da kika jawo, kuma za ki ji kamar ki nutse. Ki shirya wa wannan tun yanzu. Amma mutumin da zai gudu don an faɗa masa a cikin mutunci, da ya fi gudu ranar da ya gani da idonsa, a lokacin kuma ta zama bazawara, wataƙila da ciki. In kuwa ya tsaya, to Auta ta shiga gidan da ba za ta riƙa kwana da fargabar ranar tonuwa ba, kuma irin waɗannan mazan suna nan.

Idan su Baba suka ƙi ta ko'ina, Auta ba yarinya ba ce, tana da haƙƙin ta faɗi abin da ke jikinta ga wanda za ta aura, ko ta ce a dakata mata. Ki tsaya a bayanta. Wanda ya fi wuya shi ne in ita da kanta ta ce a ɓoye. Kada ki yi mata faɗa, wanda aka koya wa shiru shekara bakwai ba zai saki baki a dare ɗaya ba. Ki bi da ita ta wurin likita tukuna, sau da yawa in mutum ya ji sunan ciwonsa daga bakin wanda bai firgita ba, kunyar takan ragu. In har rana ta matso ba abin da ya canza, ki zaunar da ita da su Umma ki gaya musu a fili cewa za ki kai maganar wurin Baffa, don rai ne a ciki. Ki faɗa musu kafin ki je, kada su ji daga baya.

Ko auren ya yiwu ko bai yiwu ba, a buɗe wa yarinyar nan wata ƙofa. Akwai makarantun ilimin manya na mata da za ta ɗora daga inda ta tsaya, akwai ɗinki, akwai saƙa, akwai kasuwanci ta waya. Nijeriya tana da dokar hana nuna wariya ga masu lalura ta musamman, ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, amma wariyar da ta fi cin Auta a cikin gida take, ku ne za ku ɗage ta. In tana da abin yi na kanta, ba za ta karɓi kowane aure don kawai ta tsira ba.

Mijinki kuma ki faɗa masa, bayan kin nemi yardar Auta. Kina buƙatarsa a zirga-zirgar asibiti, kuma tunda za ta riƙa kwana a gidanku, dole ya san abin yi. Ku koya tare, ku koya wa Umma: in ta faɗi a janye ta daga wuta ko ruwa ko abu mai kaifi, a sa mata wani abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a sassauta hijabi a wuya, a rufe mata jiki da zane, a juya ta ta kwanta a gefe. Kada a danne ta, kada a sa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu ko a banka mata hayaƙi, sai ta farfaɗo sarai. A duba agogo. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta sake tasowa ba ta dawo hayyacinta ba, ko ta ji rauni, ko tana da ciki, a garzaya asibiti. Kafin magani ya kama, kada ta yi girki ita kaɗai, kada ta ja ruwa a rijiya, kada ta sa sakata in ta shiga wanka.

Ki fara da kiran Auta gidanki a makon nan, ki kuma nemi ranar ganin likita kafin ki taɓa kowa da maganar aure. In kun dawo daga asibiti ki sake rubuto min abin da aka ce, mu duba yadda za a tunkari Baffa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya zuciyar su Umma, ke kuma Ya ba ki ladan zumunci.